Kowane Giram da Aikinsa: Bitar Littafin RioBotz Kan Ƙera Mutum-mutumin Faɗa

Littafi: RioBotz Combat Robot Tutorial
Marubuci: Marco Antonio Meggiolaro
Bugun Ingilishi: 2009

A yau, wanda ke sha'awar wasan faɗan mutum-mutumi ba sai ya zama injiniya kafin ya shiga fage ba. Kamfanoni na sayar da ƙunshin haɗa-da-kanka: gangar jikin da aka riga aka yanke aka huhhuda, ƙananan injuna biyu, tayoyi, wayoyi da notuna, da takardar da ke nuna inda kowane abu zai zauna. A yammaci guda mutum zai ɗaure komai, ya ɗauki rimot, na'urarsa ta kama yawo a tsakar ɗaki. Rigimar tana farawa ne bayan karawar farko, sa'ad da aka ɗauko na'urar daga keji taya ɗaya ta fice, gaba ya lotse, inji yana warin ƙauri. Takardar kamfani ta koya masa haɗawa, amma ba ta faɗa masa dalilin kayen da ya sha ba, balle abin da ya kamata ya sauya kafin zagaye na gaba. Wannan giɓin ne littafin Marco Antonio Meggiolaro yake cikewa, duk da cewa ba don masu sayen ƙunshi aka rubuta shi ba, kuma ya girmi yawancin kayan da ke kasuwa yanzu.

Ga wanda bai san wasan ba, na'urorin ba su da siffar mutum ko kaɗan. Akwatuna ne masu tayoyi, wasu da makami, wasu babu, kuma mutum ne ke tuƙa su da rimot daga wajen kejin da aka kewaye da roba mai kauri wadda ake gani ta cikinta. Karawa kan ɗauki minti uku a mafi yawan gasanni. Wadda ta kasa motsi har aka ƙirga mata goma ta faɗi, in kuwa lokaci ya cika duka biyun suna raye, sai alƙalai su raba gardama. Marc Thorpe ne ya shirya gasar Robot Wars ta farko a San Francisco a 1994, BBC ta fara nuna tata a 1998, BattleBots ta biyo baya a 1999. An kasa na'urorin rukuni-rukuni bisa nauyi: daga masu giram 150, sai masu laba 1, wato giram 454, sai masu laba 3, da 12, da 30, da 60, da 120, har zuwa manyan BattleBots masu laba 250. Kayan haɗa-da-kanka sun fi yawa a rukunin laba 1 da laba 3, domin nan ne aljihun ɗalibi ke iya kaiwa.

Marubucin farfesa ne na injiniyanci a jami'ar PUC-Rio da ke Rio de Janeiro a ƙasar Burazil, kuma a MIT ta Amurka ya yi digirinsa na uku. Shi ne jagoran RioBotz, ƙungiyar ɗaliban jami'ar da aka kafa a 2003. Na'urarsu Touro, mai laba 120 da ganga mai haƙora a gaba, ta ci zinare a gasar RoboGames a 2007. Daga wannan zuri'a ce Minotaur ta fito, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a BattleBots a 2016, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2018 inda Bite Force ta doke ta. Littafin ya fara fitowa da harshen Fotugis a 2006, sannan aka faɗaɗa shi aka fitar da Ingilishi a 2009, babi goma cikin shafi sama da 350, aka kuma sake shi kyauta a intanet. Wannan kaɗai abin a yaba ne. Ƙungiyar da take tsakiyar fafatawa ta tattara duk abin da ta koya da guminta da kuɗinta, ta miƙa wa mutanen da gobe za su tsaya a ɗaya ɓangaren kejin suna neman tarwatsa ta.

Nauyi shi ne jari

Abin da ya riƙe littafin daga farko har ƙarshe tunani ne guda: sikeli shi ne sarkin wannan wasa. Ba wanda ya hana ka sa sulke mai kauri, ko makami mai nauyi, ko batir babba, amma duk sai sun shiga cikin iyakar rukuninka. Tun a babi na biyu littafin ya kawo ƙa'idar rabon nauyi ta 30-30-25-15: kashi 30 cikin ɗari ga abin da ke tafiyar da na'ura, wato injuna da giya da tayoyi, kashi 30 ga makami, kashi 25 ga gangar jiki da sulke, kashi 15 ga batir da kayan lantarki. Idan muka buga wannan a kan na'ura mai giram 454, tafiya za ta sami kimanin giram 136, makami 136, jiki da sulke 114, batir da lantarki 68. Lamarin kamar kuɗin cefane ne: in aka ƙara wa nama, dole kayan miya su ji a jikinsu.

Ba doka ce daga sama ba, kuma marubucin bai ce haka ba. Wanda ya zaɓi na'ura maras makami zai juya kason makamin zuwa sulke da tafiya. Amfaninta shi ne tana tilasta wa mai ƙira ya riƙa tambayar kansa, duk giram ɗin da ya ƙara a nan, daga ina ya ɗebo shi. Ɗauki Viper ta kamfanin FingerTech da ke Saskatoon a Kanada, ɗaya daga cikin sanannun kayan haɗa-da-kanka na rukunin laba 1. Tana zuwa ne da jikin alminiyam, tayoyi biyu da weji, wato gangaren faifai mai shiga ƙarƙashin abokin karawa, a gaba, an kuma bar sararin nauyi domin mai ita ya ƙara hannun ɗagawa ko makami mai juyawa. Sabon shiga da ya sha duka, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya lafta mata faifan ƙarfe a kowane gefe. Wanda ya karanta babin nan zai fara ɗora ta a sikeli, ya duba inda dukan ya sauka, ya kare wurin kaɗai, sauran nauyin ya kai shi inda zai yi aiki.

A babin dai aka jera nau'in na'urori 16, daga masu tunkuyi da masu weji zuwa masu ɗagawa, masu cilli, masu guduma, masu zarto, masu ganga da masu sanda mai wulwulawa a kwance. Darasin da ke ƙarƙashin jerin ya fi jerin kansa daraja: kowane nau'i yana da wanda ya fi ƙarfinsa. Weji mai ƙwari kan sha dukan mai wulwulawa ya karkatar da shi har makamin ya illata mai shi. Mai wulwulawa kan kakkarya hannun mai ɗagawa. Mai ɗagawa kuma kan shiga ƙarƙashin weji ya kifar da shi. Gaba da gabanta ke nan. Wannan fahimta tana hana mutum rushe ƙirarsa gaba ɗaya saboda kaye guda, domin wani kayen ba laifin ƙira ba ne, haɗuwa ce da wanda Allah ya ba sa'a a kanka. Abin yi shi ne a tanadi gaba iri biyu ko uku da za a iya sauyawa gwargwadon abokin karawa.

Ƙarfe, roba da kauri

Babi na uku, na kayan ƙira, yana cikin mafi tsawo, kuma a nan ne malamin jami'a ya fito sosai. Ya raba abubuwa uku da mutane kan cuɗa su wuri guda su kira su ƙarfi. Akwai tauri, wato abu ya ƙi karcewa ko lotsewa. Akwai ƙin lanƙwasa. Akwai kuma juriya, wato abu ya sha duka bai tsage ba. Ƙarfen da aka gasa ya yi tauri fiye da kima zai iya fashewa a bugu ɗaya, alhali wanda bai kai shi tauri ba zai lotse kawai ya ci gaba da aiki. Daga nan littafin ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu: ƙarfen S7 don haƙoran makami, 4340 don sandunan da ke ɗauke da juyi, alminiyam 6061 da 7075 don jiki, taitaniyam Ti-6Al-4V don sulke, wanda nauyinsa kaɗan ya haura rabin na baƙin ƙarfe, sai maganiziyam da robobi irin su UHMW.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin kauri. Ƙin lanƙwasar faifai yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri: ka ninka kaurin, ƙin lanƙwasar ya ninku sau takwas. Alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe, kuma da kusan wannan gwargwadon ya fi shi saurin lanƙwasa idan kaurinsu ɗaya. To amma da nauyin faifan ƙarfe ɗaya za ka sami faifan alminiyam mai kauri kusan ninki uku, kuma idan aka gama lissafi sai ka tarar na alminiyam ɗin ya fi ƙin lanƙwasa da wajen ninki takwas. Wannan ne dalilin da ya sa abu maras nauyi mai kauri yakan fi abu mai nauyi siriri a jikin na'ura, muddin akwai wurin da kaurin zai shiga. Mai ƙaramar na'ura da ya gane wannan ba zai ƙara mamakin ganin gwanayen rukuninsa suna lulluɓe da roba mai kaurin yatsa ba. Littafin ya kuma bambanta sulken da aka yi don ya tsaya daram da wanda aka yi don ya riƙa gutsurewa yana shanye ƙarfin duka, ta yadda girgizar ba za ta isa ga batir da kayan lantarki ba.

Cizon haƙori

Idan aka ce in zaɓi babi ɗaya tal, na shida zan ɗauka, na ƙirar makami. Kowa ya san ƙarfin da ke tattare a makami mai juyawa yana ninkuwa sau huɗu idan aka ninka gudunsa. Shi ya sa kowane sabon shiga burinsa ya ƙure gudu. Meggiolaro ya nuna inda wannan buri ke kai mutum ya baro shi, ta hanyar abin da ake kira cizo, wato zurfin da jikin abokin karawa ke shigowa kafin haƙori ya same shi.

Bari mu buga lissafin da namu misalin. Ganga mai haƙora biyu tana juyawa sau 6,000 a minti, sau 100 ke nan a sakan, kuma da yake haƙoran biyu ne, haƙori na giftawa ta gaba sau 200 a kowane sakan. Idan na'urorin biyu suna tunkarar juna da gudun mita 2 a sakan, iyakar abin da zai shigo tsakanin haƙori da haƙori shi ne milimita 10. A ninka gudun gangar zuwa 12,000, cizon ya koma milimita 5. A bar ta a gudun farko amma a cire haƙori ɗaya, cizon ya haura zuwa milimita 20. Makamin da cizonsa ya yi ƙanƙanta ba ya duka, gurza yake yi: sai tartsatsi da ƙara masu burge 'yan kallo, abokin karawa kuwa ko gezau. Magani uku ne: a rage yawan haƙora, a rage gudun makami, ko a afka da gudu. Haƙori ɗaya yana buƙatar a daidaita nauyin ɗaya gefen don kada ganga ta riƙa rawa, kuma wannan ne ya kai RioBotz daga baya ga ƙera ganga mai siffar katantanwa da haƙori guda.

Kyawun wannan bayani shi ne bai san babba ko ƙarami ba. Yadda ya yi aiki a kan Touro haka yake yi a kan ruwan wuƙar da bai fi tsawon yatsa ba. Mai ƙunshi da ke kukan makaminsa ba ya cilla kowa, kafin ya kashe kuɗi a kan sabon inji, ya fara gwada rage wuta a rimot ya kuma koyi shiga da gudu. Sau da yawa gyaran kyauta ne.

A babin kuma an warware wani abu da ke rikita sabbin matuƙa. Duk abin da ke wulwulawa da sauri ba ya son a karkatar da shi. Saboda haka na'ura mai ganga ko faifai a tsaye, idan ta juya hagu ko dama da sauri, sai taya ɗaya ta ɗaga sama, wani lokaci har ta kife. Wanda ya kalli Minotaur tana tafiya a kan taya ɗaya ya ga abin da idonsa. Littafin ya ba da lissafin iyakar saurin juyawa kafin tayar ta bar ƙasa, ya kuma nuna cewa faɗin na'ura yana rage matsalar.

Inji, noti da ranar gasa

Babin injuna ba shi da armashin na makami, amma ya fi shi ceton kuɗi. Injin lantarki ya fi zuƙar wuta a lokacin da aka danne shi ya kasa juyawa, kuma a nan ne yake ƙonewa, wani lokaci ya tafi da na'urar da ke sarrafa gudunsa. Shawarar ita ce a zaɓi giyar da za ta sa tayoyi su sulɓe a ƙasa tun kafin injin ya tsaya cik. Daga nan mai ƙunshi zai gane abubuwa biyu da ke yawan cin mutane. Sa manyan tayoyi yana ƙara gudu amma yana ƙara wa inji wahala. Ƙara ƙarfin batir kuma, alal misali daga volt 7.4 zuwa 11.1, yana ƙara gudu da rabi, amma zafin da injin ke yi idan aka danne shi ya fi ninki biyu. Akwai kuma gaskiyar da ba a son ji: ƙarfin turi ba ya wuce abin da nauyin da ke kan tayoyi da kamun robarsu suka bayar. Na'ura mai giram 454 ko injin wane iri aka sa mata, turinta ba zai yi wa nauyinta nisa ba. Wanda ke son ya fi turi ya nemi taya mai kama ƙasa, ya tabbata nauyinsa na kan tayoyin da ke ja, ya kuma shiga ƙarƙashin abokin karawa don ya raba tayoyinsa da ƙasa.

Cewa an ware babi sukutum ga notuna, walda da sauran hanyoyin haɗa abu da abu shaida ce cewa wanda ya rubuta littafin ya daɗe a bakin keji. Ba kasafai na'ura ke mutuwa don an raba ta biyu ba. Galibi noti ne ya kwance, ko waya ta zare, ko taya ta zame daga sandarta. Littafin ya bayyana ma'anar lambobin da ke kan notuna, irin su 8.8 da 12.9, da amfanin gam ɗin da ke hana noti kwancewa saboda girgiza, ya kuma ja kunne a kan dogara da ɗan sukurun nan da ake matsewa a gefen sanda.

Babi na tara ya koma kan ranar gasa: abin da za a tattara kafin a bar gida, kayan canji, cajin batura, binciken tsaro. Dole na'ura ta tsaya cak idan saƙon rimot ya yanke, kuma dole a kulle makami duk lokacin da take wajen keji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babin nan fassarar wannan karin magana ce a aikace. Babi na goma kuwa tarihin na'urorin ƙungiyar ne, daga na farko-farko masu sauƙin ƙira zuwa Ciclone mai sanda a kwance, da Touro, da ƙannenta irin su Tourinho, Puminha da Mini-Touro mai laba 3. A nan ake ganin lissafin babin baya ya zama ƙarfe, ana kuma ganin cewa ƙira mai kyau ba a dare ɗaya ake samunta ba, kowace na'ura gyaran wadda ta gabace ta ce.

Inda littafin ya gaza

Gazawa ta farko ga mai ƙaramar na'ura ita ce zuciyar littafin tana wajen rukunin laba 120. Yawancin misalai, injuna da kaurin ƙarafa na wannan rukuni ne. Marubucin ya ba da hanyar rage ma'auni: tunda nauyi yana tafiya da tsawo sau faɗi sau tsayi, wanda zai sauko daga laba 120 zuwa laba 1 sai ya raba kowane tsawo da kusan 5, mai zuwa laba 3 kuma da kusan 3.4. Hanyar tana da amfani, amma tana da iyaka, kuma shi kansa littafin ya ambaci dalilin. Idan aka rage tsawo sau 5, nauyi ya ragu sau 125, amma faɗi sau kaurin sashen da ke ɗaukar duka sau 25 kawai ya ragu. Ƙaramar na'ura ta fi babba ƙwari idan aka gwada da nauyinta. Shi ya sa za a cilla mai laba 1 ta bugi rufin keji ta faɗo ta ci gaba da gudu. Abin da bai yi ba shi ne bin wannan gaskiya har ƙarshenta: kayan da za a yi wa dariya a laba 120 su ne zakaru a laba 1, kuma ɗan sukurun gefen sanda da aka yi gargaɗi a kansa shi ne abin da ƙananan tayoyi da yawa ke amfani da shi, sai dai a fafe gefen sandar a kuma sa gam.

Ta biyu ita ce shekaru. A 2009 baturan NiCd da rimot masu aiki da tsoffin zangunan rediyo suna da babban matsayi, kuma littafin ya ba su shafuka masu yawa. Ya taɓo baturan LiPo, da injunan da ba su da burushi, da rimot na 2.4GHz, amma a lokacin ba su gama zama 'yan gida ba. Yau su ne komai. Kasuwar ƙananan jirage marasa matuƙa ta sa injuna marasa burushi da na'urorin sarrafa su sun yi araha, har ana amfani da su wajen jan tayoyi. Firinta mai fitar da abu da jikinsa ta shiga ɗakunan ɗalibai, robar TPU mai lanƙwasa ta zama jikin ɗimbin na'urori masu laba 1 da laba 3, har akwai rukunin da kusan komai nasa roba ce aka buga. Siraran cokula masu yatsu da ake sa wa a gaba don a riga abokin karawa shiga ƙasa sun sauya yadda ake faɗan weji. Gasar NHRL da aka fara a Norwalk ta jihar Connecticut a 2018, mai rukunin laba 3 da 12 da 30, ta nuna yadda hankalin masu wasan ya karkata ga ƙanana. Duk wannan babu shi a littafin, kuma ba laifin marubucin ba ne, amma dole mai karatu ya sani: kada ya ɗauki sunan batir ko inji daga shafi ya tafi saye.

Ta uku, lissafin yana da nauyi. Akwai wurare a babi na uku da na shida da shafi zai cika da alamomin da sai wanda ya yi jami'a zai bi su daki-daki. Ɗan sakandaren da ya fi kowa buƙatar littafin zai iya razana ya ajiye. Sa'ar da aka yi, sau da yawa bayan lissafin akan faɗi sakamakon da magana mai sauƙi, ga kuma hotuna da zane-zane birjik. Duk da haka da an ware taƙaitaccen jagora ga mafari, da littafin ya fi haka isa ga mutane. A ganina kuma tuƙi bai sami kason da ya kamace shi ba. A ƙananan rukunai, inda mutum goma za su iya zuwa da na'ura iri ɗaya daga kamfani ɗaya, hannun da ke kan rimot shi ne babban bambanci.

Hukunci

Idan aka ɗora waɗannan gazawa a sikeli, abin da ya tsufa a littafin shi ne sunayen kaya, abin da ya rage kuwa shi ne hanyar tunani. Rabon nauyi, dangantakar kauri da lanƙwasa, cizon haƙori, iyakar turi, zafin injin da aka danne, duk suna nan yadda aka rubuta su, domin ba kamfani ne ya kafa su ba. Littattafan koyar da sana'a da yawa suna cewa yi kaza, yi kaza. Wannan yana cewa ga dalili, ga yadda za ka auna da kanka, kuma wanda ya riƙe dalili zai iya yanke hukunci a kan robar da marubucin bai taɓa gani ba. Hakan ne ke raba mai haɗa kayan wani da mai ƙira.

Shawarata ga mai ƙaramar na'ura ita ce kada ya karanta shi daga bango zuwa bango. Ya fara da babi na biyu, ya tsallaka zuwa na tara kafin gasarsa ta farko. In ya dawo da raunuka, ya buɗe na uku da na huɗu, na notuna da walda, yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya yanke shawarar sa makami, sai ya zauna da na shida da biro da takarda. Babin batir da na lantarki ya karanta su don fahimtar yadda abubuwa ke aiki, sayayya kuwa ya tambayi waɗanda ke fafatawa a bana.

Abin da wasan ke buƙata yanzu shi ne wani ya yi wa rukunin laba 1 da laba 3 irin wannan aiki: ya auna robobin da ake bugawa da firinta, ya gwada ƙananan injunan zamani, ya rubuta sakamakon da irin wannan tsanaki, ya kuma sake shi kyauta yadda ɗaliban Rio da malaminsu suka yi. Kafin a sami mai wannan himma, littafin 2009 ne zai ci gaba da riƙe wurin, kuma ya cancanci riƙe shi.